Wankan da Na Yi wa Afra'u

Ni Fanta, wadda duk Fammar ke kira Iya, da abu biyu aka san ni: tsafta da baki. Tsakar gidana ko tuwo ne ya faɗi sai ka ɗauka ka ci. Bakin kuwa, marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sha cewa da ana saye a kasuwar Kibiya da ya kai an rage masa ko da rabi ne. Ba yabon kaina nake yi ba, kada ku ce. Ina faɗa ne don ku san da me na cuci 'yar mutane.

'Yar mutanen ita ce Na'ima, matar ɗana Nasir, 'yar Malam Ishiyaku na Madachi. Nasir shi ne autana, direba ne, yana jan bas tsakanin Kibiya da Kano, don haka a cikin garin Kibiya suka zauna, can bayan tasha. Yarinyar ba ta da hayaniya. In ka ce mata ɗaya ba za ta ce biyu ba, kuma wallahi wannan shirun nata ma haushi yake ba ni, don ni na fi son mutum ya tanka mu yi ta ta ƙare.

Shekara guda da biki ta haifi mace, aka sa mata Afra'u. Jaririya tubarkalla, sumul da ita. Tana da wata huɗu sai kumatunta suka fara yin ja suna bushewa. Daga nan abin ya gangara wuya, ya shiga lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo. Da ta iya kai hannu sai susa, har ta ji wa kanta ciwo. Masu gani suka ce kirci ne.

Ni kuwa tun tasowata abin da na sani shi ne, duk abin da ya fito a fatar yaro datti ne ya kawo shi. Haka uwata ta koya mini, haka na raini 'ya'ya bakwai. Saboda haka wata ranar kasuwa, bayan na sayar da kuɓewata, na biya gidan ba tare da na sanar ba, don in ga da idona yadda ake wa jikata wanka.

Na tarar ana yi. Ruwa a ɗan baho, na tsoma yatsa na ji shi salam, ba sanyi ba zafi. Ba soso. Ba sabulu. Ta shafa mata ruwan da tafin hannu, kafin ka ce kwabo ta cire ta, ta ɗan danna mata zani a jiki, ko gogawa ba ta yi ba. Sai ta janyo gwangwanin man kaɗe ta lafta mata tun daga wuya har ƙafa, yarinya tana ƙyalli kamar ƙosai.

Na ce, "Ke Na'ima, wannan wanka ne ko alwala?"

Ta durƙusa ta gaishe ni tukuna, sannan ta ce a hankali, "Iya, na lura ne in na sa mata sabulu ko ruwan ya yi zafi sai abin ya tashi. In na shafa mata man kuma sai ta samu ta yi barci."

"Kin lura! Sannu likita. Yaushe aka haife ki da har za ki lura? Ki bar datti a jikin yarinya, ki bi shi da maiƙo ki rufe, sannan ki ce mini kin lura? Son jiki ne dai, kina ƙyuyar hura wuta."

Na zazzage mata abin da ke cikina tas, na ɗauki kwandona na tafi.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma sai aka yi wani suna a Fammar, gidan ƙanwar maigidana, mata sun cika tsakar gida. Afra'u lokacin ta fara tafiya, ta je ta dafa wani yaro za su yi wasa. Uwar yaron ta fizge shi kamar an ce mata wuta ce, ta ɗaga murya ta ce, "Wannan 'yar gidan wa ce? Ba ƙazuwa ce da ita ba kuwa?"

Jama'a, jikar Iya Fanta, a ce ƙazuwa! Kunya ta rufe ni, kuma ni kunyata ba ta zama a ciki, ta baki take fita. Na ce, yadda kowa zai ji, "Ba ƙazuwa ba ce, baiwar Allah, ƙazantar uwa ce. Mu a jininmu ba mu san wannan ba. Daga Madachi aka kawo mana."

Wasu suka yi dariya. Na'ima tana nan tsaye da tiren shinkafa a hannunta. Ta ajiye shi a gaban baƙi, ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Ko da tana da abin faɗa ba za ta faɗa ba. Afra'u 'yar fari ce, kuma kun san yadda muke da 'ya'yan fari: uwa ba ta kama sunansu, ba ta nuna ta damu da su a gaban manya, balle ta tsaya musu da uwar miji a kansu. Na san haka sarai. Da ma don na san ba za ta rama ba ne na faɗa.

Kafin sati maganar ta zaga Fammar ta isa Kibiya. Maƙwabta suka daina karɓar abincin gidan Nasir. Wata ma ta hana 'ya'yanta shiga.

Farkon shekarar zaɓen dubu biyu da uku yarinya ta isa yaye, aka kawo mini ita kamar yadda aka saba, ta yi sati biyu a hannun kaka ta manta nono a mayar da ita. Na'ima ta haɗo mata kayanta a ɗan ƙullin zani: riguna huɗu na auduga duk sun koɗe, da gwangwanin man nan. Ina kwancewa na jefa gwangwanin bayan randa.

Na kira Nasir na zaunar da shi. Na ce yarinyar nan ba za ta koma ba sai fatarta ta dawo irin ta mutane. Matarka kuma ta je gida uwarta ta sake koya mata aiki, don ba zan zuba ido ana nuna gidan ɗana da baki ba. Nasir bai taɓa tsallake maganata ba, ko sau ɗaya. Ya ce, "To, Iya." Washegari ya kai ta Madachi da kansa, ya ce wa iyayenta ta zo ta ɗan huta. Ba saki ba ne, amma kowa ya san hutun da ba a sa masa rana ba.

Lokacin kuma ga hidimar siyasa ta taso. Ni ce shugabar mata ta wani ɗan takara a unguwarmu, don an san in na yi magana ana ji har bayan gari. Aka kawo kayan rabo, gishiri da atamfa da sabulu. Sabulun nan kore ne, doguwar sanda, na wanki, mai ƙamshi har ya hau kai. In ka wanke tsumman tukunya da shi sai ya dawo fari. Da aka gama rabo aka bar mini ragowar kwali a matsayina na shugaba. Na dube shi na ce alhamdu lillahi, Allah ya kawo maganin kirci har gida.

Sau uku a rana nake yi mata: da safe, da azahar, da yamma. In tafasa ruwa da ganyen darbejiya, in sirka kaɗan, yadda hannuna zai iya jurewa, kuma hannuna hannun mai tuƙa tuwo ne. In yanko sabulun zaɓe, in murza a sabon soso har ya yi kumfa, in kama ta tsakanin ƙafafuna in dirje wuraren nan sosai. Tana ihu, tana miƙewa, tana cewa, "Iya, zafi! Iya, zafi!" Ni kuma ina cewa, "Yi haƙuri ƙawata, ai magani ba ya daɗi. Dattin uwarki nake fitar miki." In na gama in goge ta da tawul har ta bushe ƙayau, in barbaɗa mata hoda. Mai kuwa ko ɗigo, don a ganina shi ne yake riƙe dattin. Koɗaɗɗun rigunan ma na ajiye, na sa mata 'yan kanti masu santsi da na saya mata da Sallah, ga zafin bazara.

Kwana goma sai fatar ta fara tsagewa. Na ce dattin ne yake fitowa, na ƙara ƙaimi. Ta fara ruwa. Na ce ai ga shi nan yana tsiyaya. Ku ji fa, mutum in ya kafe a kan abu ko me ya gani shaidarsa ce. Yarinyar da ta zo tana surutu ta koma ba ta magana. Da ta ji ƙarar bokiti sai ta ruga bayan rumbu ta maƙale. In Nasir ya biyo gaishe ni in sa mata doguwar riga mai dogon hannu, in ce ai ana samun sauƙi.

Har ranar da na tashe ta da safe na tarar zanin shimfiɗa ya manne mata a bayan gwiwa. Na ja, ta ƙwalla ƙara, wurin ya biyo zanin. Ɓawo ne rawaya ya rufe ko'ina, mugunya a ƙarƙashinsa, jikinta zafi rau. A nan ne gabana ya faɗi. Na jiƙa zanin na ɓanɓare a hankali, na goya ta, na zura hijabi. Ban bi ta tashar su Nasir ba, don kada abokan aikinsa su gan ni su kai masa labari. Na tsaya a bakin titi na tari wata mota, na shiga baya wajen mata, kamar yadda aka tsara tun da aka ƙaddamar da Shari'a, muka nufi Rano.

A asibiti, bayan an yanki kati, wata nas ce ta fara ganinmu, na ji ana kiranta Luba. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Na'ima ba. Ta ɗaga rigar Afra'u, ta yi salati.

"Iya, da me ake yi mata wanka?"

Na faɗa mata. Sabulun, soson, ruwan zafin, sau ukun, hodar. Ina faɗa tana girgiza kai.

"Wa ya ce a yi mata haka?"

Ga inda Allah zai tambaye ni. Na dubi yarinyar nan da farar rigarta, ga mata a kan benci suna sauraro, na buɗe baki na ce, "Uwarta."

Ta ce, "Allah ya shirye ta. Sabulun wanki a fatar yaro mai kirci? Ai kamar a zuba barkono a gyambo ne." Sai ta tambaye ni ko akwai mai asma a danginmu, ko mai yawan atishawa.

Ni kaina tun ina budurwa nake fama da fuka, in ana sussuka ba na zuwa kusa. Nasir kuwa yana yaro in damina ta faɗi hancinsa ba ya tsayawa. Sai kuma na tuna yayana Maharazu, wanda har ya girma bayan gwiwarsa yana da kaushi baƙi, ana tsokanarsa. Shekara hamsin ban tuna da shi ba sai a kan bencin nan.

Na faɗa mata. Ta ce, "To kin ji, Iya. Wannan ba datti ba ne, kuma ba a ɗauka a jikin wani. Yawanci a jini yake, gida ɗaya suke da asma da atishawa. Fatar irin waɗannan yaran ba ta riƙe laima, da wuri take bushewa, in ta bushe ta yi ƙaiƙayi, in an sosa ta tsage. Sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi da soso su ne suke ƙara kwashe ɗan maiƙon da ya rage. Yanzu ga shi ƙwayoyin cuta sun shiga ta tsagar, shi ne mugunyar da zazzaɓin."

Likita ya duba, ya rubuta maganin sha na sati guda da wani ɗan man shafawa, ya ce a jajayen wuraren kawai, kaɗan-kaɗan, kwanakin da ya ƙayyade, kada in zarce kuma kada in je in sayo wani a kasuwa da kaina. Da muka fito Luba ta sake tsayar da ni, tana lissafa mini da yatsu.

"Wanka sau ɗaya ya isa. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Ban da soso, da tafin hannu za a yi, kuma kada a daɗe. Kada a goge ta, a danna zani kawai. Tun jikin da sauran laima a shafe ta da man kaɗe ko basilin, a yawaita, a maimaita da rana. Riga ta auduga, a cire mata wannan mai santsin. A yanke mata farce. Ba ya warkewa a rana ɗaya, zai riƙa tashi yana kwanciya, amma da yawansu in sun girma yana barinsu. Don Allah ki gaya wa uwar tata haka, ki sa mata ido."

Na ce to. Me zan ce? Duk abin da ta lissafa na taɓa ganinsa da idona, a ɗan baho, a bayan tashar Kibiya, na kira shi alwala.

Ina isa gida na durƙusa na lalubo gwangwanin nan a bayan randa, na share masa yanar gizo. Na fiddo koɗaɗɗun rigunan. Ranar farko da na zaunar da ita a ruwan ɗumi sai da ta sandare tana jiran soso. Da ta ji hannu ne kawai, ta ɗago ta kalle ni. Wallahi gara a ce ta yi kuka.

Sati uku jiki ya yi kyau. Ɓawon ya zube, tsagar ta haɗe, sai ɗan duhu a lanƙwasar hannu. Ta dawo da surutunta, tana bin kaji. Sai mata suka fara shigowa kallo. "Kai, Iya, hannunki da albarka!" "Kun gani ko? Da ma an ce tsafta ce babu." "Allah ya isa tsakanin yarinyar nan da uwarta." Babu wanda ya san na je Rano, babu wanda ya san na canza wanka. Su a ganinsu sabulun zaɓe ne da soso suka yi aiki.

Ni kuma na yi shiru. Ni, Fanta, da ban taɓa iya riƙe magana daga safe zuwa azahar ba, na riƙe wannan har wata guda. Kuma kada in yi muku ƙarya, yabon ya yi mini daɗi. Sai in na tayar da salla ne abin yake dawo mini, in kasa sanin raka'a nawa na yi. Kullum in ce gobe zan aika a kira Nasir. Goben ta zo in ce bari dai fatar ta ƙara kyau.

Shi ya zo da kansa, wata Laraba bayan la'asar, da burodi a leda. Ya ɗaga 'yarsa, ya juya hannunta, ya duba bayan gwiwar, ya shafa. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Iya, ashe gaskiyarki ne. Ni da ina ganin kamar kin matsa mata. Amma shekara ɗaya da rabi yarinya tana wahala a hannunta, ke wata uku kin gyara ta. Na yi shawara. Ranar Juma'a zan rubuta mata takardarta a gaban shaidu, yadda Shari'a ta ce, in ba ta haƙƙinta. Afra'u kuma ta zauna a wajenki."

Saura kwana biyu a raba 'yar mutane da aurenta da 'yarta, a kan laifin da ni na yi. Kuma abin da zai hana ba wani abu ba ne illa bakin nan nawa.

Na ce, "Nasiru, rufe mini ƙyauren nan ka dawo."

Na gaya masa. Ban rage komai ba: soso, sabulu, doguwar rigar da nake rufe ta da ita in ya zo, zanin da ya manne, motar da na tara a ɓoye, abin da nas ta ce, har ƙaryar da na yi wa matarsa a kan benci. Na ce masa maganin da ya warkar da 'yarka shi ne wankan da uwarta take yi mata tun farko, kuma ciwon ma daga jinina ya fito.

Bai ɗaga mini murya ba. Da ya ɗaga da na samu abin kamawa. Ya kalli ƙasa ya ce, "Iya, wata uku fa. Sau biyu tana aiko mini a tasha tana tambayar jikin yarinyar, ban ba da amsa ba."

Na ce, "Ni zan je bikon."

"Ke? Uwar miji?"

"Ni na kore ta. Kai dai ka tuƙa mota."

Washegari da yamma, a makarantar Islamiyyar matan aure, da aka tashi na miƙe na ce kowa ta tsaya. Na faɗi gaskiyar a gaban matan Fammar, har da waɗanda suka yi dariya ranar suna. Kun san me suka ce? "Allah sarki Iya, tana rufa wa surukarta asiri." Wata ta ce ai haka manya suke, su ɗauki laifin yara. Na rantse, na yi faɗa, na kusa zagin wata. Suka watse suna yaba halina. Magana zarar bunu ce, ranar na san haka da gaske.

Juma'a da hantsi muka kama hanyar Madachi. An yi ruwan shuka a daren, mutane duk suna gona. Afra'u tana kan cinyata da rigar audugarta, tana nuna shanu.

Malam Ishiyaku ya karɓe mu a zaure da mutunci, wanda ya fi mari ciwo. Na ce ba zama na zo yi ba, a shigar da ni ciki. Na tarar da uwar Na'ima da maƙwabta biyu suna gyaran irin gyaɗa. Na ce kada kowa ya tashi. Aka kira Na'ima daga madafa. Ta rame, wuyanta ya fito. Tana ganina ta durƙusa za ta gaishe ni, sai na riga ta kaiwa ƙasa.

Uwarta ta ce, "Subhanallahi, Hajiya, tashi!"

Na ce ba zan tashi ba. Na maimaita abin da na gaya wa Nasir, kalma bayan kalma, ina kuka, majina tana zuba, ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da maigidana ya rasu. Na ce, "Na'ima, na ɓata miki suna, na raba ki da ɗakinki, na azabtar da 'yarki, na kuma ɗora miki laifin. Ke ce mai gaskiya tun ranar farko. Ki yafe mini don Allah, ki dawo ɗakinki."

Malam Ishiyaku daga bakin ƙofa ya ce, "Magana tana wajen yarinya. Ni ba zan tilasta mata ba."

Na so ta zage ni. Na shirya wa hakan tun daga Fammar. Amma ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ba komai, Iya. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Zan koma."

Duk wannan abin idonta ba a kaina yake ba. Yana kan yarinyar da ke tsaye a bayana, riƙe da gefen hijabina. A gaban ubanta, a gaban uwarta, a gaban maƙwabta, Na'ima ta ajiye kunyar 'yar fari. Ta matso da gwiwoyinta, ta miƙa hannu biyu, ta kira sunan da ban taɓa jin ta kira ba.

"Afra'u. Zo."

Yarinya ta leƙo ta kalle ta. Ta kalli hannuwan. Sai ta ja da baya, ta cusa fuskarta a bayana, ta ƙanƙame ni. Na kamo ta ina cewa, "Je ki mana, Ummanki ce, je ki," ina ɓanɓare yatsunta daga hijabina. Ta fashe da kuka, tana "Iya! Iya!", ta kai hannu wuyanta ta fara susa.

Na'ima ta janye hannuwanta da sauri ta ɗora a cinya.

Ta ce, "Bar ta, Iya, kada ki matsa mata. In ta yi kuka gumi take yi, sai ƙaiƙayin ya tashi. Riƙe ta har ta yi shiru. Zan jira."